Layi Huɗun da Ban Gani Ba

Hayyin Ashir, Alƙahira

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kayanki sun iso tare da ke, kin kuma sami ɗakin da aka yi miki alkawari. Allah Ya tsare ki a jirgi da kan titi, Ya kare ki daga sanyin ƙasar da mugun abokin zama, Ya haɗa ki da mutanen kirki tun ranar farko.

Na san za ki yi mamakin ganin ambulan a tsakanin rigunan sanyinki, alhali shekaranjiya muna zaune a falo ɗaya. Mahaifiyarki ce ta cusa miki ita, bayan ta gama wanke ni tas. Cewa ta yi, "Malam, shekara ashirin kana tauna maganar nan. Ka zaunar da yarinya ka faɗa mata baki da baki, shi ke nan." Na ce to. Kin kuwa ga na zaunar da ke har sau biyu. Na farko na ɓige da yi miki bayanin yadda ake canjin jirgin ƙasa a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Na biyu na tambaye ki ko kin sayi safa. Bakina ya yi nauyi, shi ya sa na koma ga alƙalami.

Maganar littafin nan ce mai koren bango, wanda kika ƙi yarda a sa a babbar jaka. Tun kina 'yar shekara shida kike sauko da shi daga kanta, ki buɗe shafin godiya, ki ɗora yatsa a kan sunana, ki ce wa duk baƙon da ya shigo, "Ga sunan Abbana a littafin Jamusawa." A cikinsa kika fara sanin haruffan Girkanci, shi ya ja ki har kika karanci harshen a jami'a. Na kuma ga abin da kika rubuta lokacin da kike neman gurbin karatun nan, cewa mahaifinki ya yi aiki da marubucinsa. Malamar da za ki zauna a gabanta ɗalibarsa ce. Kafin ki shiga ofishinta ki ce ke 'yar wane ce, hakkinki ne ki san abin da wanen ya aikata. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Ina tsoron ki ji daga bakin wani, ina kuma tsoron ki ji daga wurina ki daina kallona da idon da kika saba.

Bari in ɗauko miki daga tushe, don ba abu ɗaya na ɓata ba.

Na zo Masar daga Zariya ina saurayi, da tallafin karatu, na karanci ilimin hadisi. Da na gama na auri mahaifiyarki, tallafi ya tsaya, sai neman abin yi. Wani abokina Basudane ya ce akwai wani dattijon Bajamushe a unguwar Dokki da ke neman mai Larabci mai kyau da ƙafa mai ƙwari, wanda zai riƙa bin ofisoshi yana karɓo masa takardun izini. Mai gadin benen da yake haya ya raɗa masa Abu Adasa, saboda gilashin ƙara girman rubutu da kullum ke rataye a wuyansa. Ina zaton ko wanka da shi yake shiga. Da wannan sunan zan kira shi, don da shi na saba. Dogo ne siriri, ga Larabcin littafi zalla a bakinsa. Idan ya yi wa direban tasi kwatance sai direban ya waigo yana dariya, ya ce, "Ya basha, labaran rediyo za ka karanta mana?" Shi ma sai ya yi dariyar, bai taɓa jin haushi ba.

Yanzu kin fi ni sanin aikinsa, amma bari in gaya miki yadda na gan shi a lokacin. Wai akwai wani mawaƙin Girkawa da ya mutu sama da shekara dubu biyu, waƙoƙinsa suka ɓace. Abin da ya rage sai layi ɗaya nan, rabin layi can, waɗanda malaman nahawunsu suka kawo a matsayin misali, sai kuma guntayen bardi, takardar nan ta dā da ake yi da ciyawar bakin Nilu, da aka tono daga tsofaffin juji a Sa'id, can kudancin Masar. Wani guntun bai kai tafin hannun jariri ba. Su ne wannan bawan Allah ya shekara talatin yana bi ɗaya bayan ɗaya, yana so ya tara su a littafi guda. Ya taɓa ce mini, yana dariya, har yau bai sami waƙa ɗaya cikakkiya ba.

Kuskurena na farko shi ne na raina shi. Da yamma idan na dawo unguwa na zauna wurin mai shayi da 'yan uwanmu ɗalibai, sai in ce, "Ai ni wani tsoho nake yi wa aiki, mai tonon jujin arna yana karantawa." A yi ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Sabuwar shahadar digiri ce a hannuna, ina ganin duk ilimin da ba a zauren shaihunanmu aka karanta shi ba ɓata lokaci ne.

Wata rana ina jiransa a ofis, ina zana wa wani ɗalibi da nake yi wa bita jerin maruwaita, wane ya ji daga wane, wane ya riski wane. Ya tsaya a kaina ya tambayi mene ne. Na yi masa bayanin isnadi a gajarce, irin bayanin da ake yi wa wanda ba a sa ran zai gane. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata ƙatuwar takarda ya shimfiɗa. Sai ga zane irin nawa sak. Kofe-kofen wani tsohon littafi ne, wannan an kwafe shi daga wancan, wancan daga wani da ya ɓace, kuma da kurakuran da suka gada daga juna yake gane danginsu. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Ya Ustaz Bashir, ashe mutanenku sun daɗe da sanin wannan hanyar. Ka koya mini."

Daga ranar, duk Talata bayan la'asar sai ya bar mini kujerarsa, ya ja ƙaramar ya zauna da littafin rubutu. Farfesa ne fa da ake jin sunansa a ƙasashe, ga furfura. Yakan yi mini tambayar da sai na koma wurin shaihina kafin in kawo amsa. A zaman nan na san tarihinsa. Ɗan mai ɗinkin littattafai ne a wani ƙaramin gari, an haife shi bayan yaƙin duniya na biyu, ya tashi yana wasa a cikin kangaye. Wani malamin makarantarsu ya ara masa littafin nahawun Girkanci, daga nan bai sake waiwayawa ba. Matarsa ta rasu da wuri, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Abin da ya fi burge shi a karatunmu shi ne babin tadlisi, wato mutum ya kawo labari ta yadda mai sauraro zai ɗauka ya ji da kunnensa alhali bai ji ba. Ya sa na rubuta masa kalmar da manyan baƙaƙe, ya manna ta a bango saitin teburinsa. Ni na koya masa ita, Ummi, da bakina.

To, inda kika je za ki zauna da mutanen da ba sa salla, waɗanda abincinsu da shigarsu da hirarsu duk ba irin namu ba ne. Ki riƙe addininki da kyau, kada ki sassauta don ki burge kowa. Amma kada ki mai da shi sandar raina mutane kamar yadda na yi. Ki bari sai kin ga aikin mutum kafin ki yanke masa hukunci. Kada kuma ki mai da malaminki abin ba'a a wurin hira don a ce kin iya zance. Har yau idan na tuna dariyar wurin mai shayin nan sai kunya ta kama ni.

Da tafiya ta yi tafiya ya koya mini haruffan Girkanci da yadda hannun marubutan dā yake, daidai yadda zan iya gwada harafi da harafi ko ban san ma'ana ba. Gwiwarsa ta fara ba shi wahala, don haka wani lokaci ni yake aikawa siton kayan tarihi in duba masa guntu, in rubuto abin da na gani. Dokarsa ɗaya ce. Harafin da ka gani sarai ka rubuta shi. Wanda kake shakka ka sa masa ɗigo a ƙasa. Inda ƙwaro ya cinye ka bar gurbi a fili. Takardata ta farko na kawo masa ita fes, ba ɗigo ko ɗaya. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ya Ustaz, ni takardar da ba ta da ɗigo tsoro take ba ni. Shekara talatin ina wannan aiki ban taɓa ganin komai duka ba. Koma ka kawo mini abin da ba ka sani ba." Na koma ina ƙunƙuni a mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya. Da na sake dubawa da gaskiya, sai da na sa ɗigo tara.

Girman kai ne ya hana ni, ba komai ba. Ina ganin idan na ce ban sani ba zai ce baƙin nan bai iya ba. Ke ma wannan tunanin zai zo miki, musamman ranar da kika waiga kika ga ke kaɗai ce mai hijabi a aji, ke kaɗai ce baƙa. Za ki ji kamar duk Afirka aka ɗora miki a ka. Ki sauke, ba wanda ya aike ki. Idan ba ki gane ba ki ɗaga hannu ki ce ba ki gane ba. Na san halinki, tun kina ƙarama gara ki yi kuka a banɗaki da a ce kin kasa, kuma ba daga wajen mahaifiyarki kika ɗauko shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarar da mahaifiyarki ke ɗauke da cikinki, ya koma gida aka yi masa aiki a gwiwa. Littafin ya kammala, maɗaba'a na jira zuwa ƙarshen wata. Guntu ɗaya ne ya rage wanda daga shi har ni ba wanda ya taɓa gani da ido, sai a wani tsohon hoto da aka ɗauka tun kafin a haife shi. Layi huɗun ƙarshe na guntun su ne suka fi daraja a wurinsa, don a kansu ya gina hujjar cewa waƙar ta mawaƙin nasa ce. Ya aiko mini da fakis, ya ce in je in duba su, in gaya masa ko suna nan yadda suke a hoton.

Guntun yana wani sito na kayan tarihi can bayan gari, mikrobas biyu da tafiyar ƙafa, ga tsakiyar zafi. Ba a buɗe ƙofar sai ma'aikata uku sun haɗu an karya hatimi a gabansu. Zuwan farko ɗaya ba shi da lafiya. Mai kula da siton, wani dattijo mai fara'a, ya ba ni shayi ya ce, "Ma'alish ya Ustaz, bukra in sha Allahu," wato in yi haƙuri sai gobe. Zuwa na biyu mai riƙe da mabuɗi ya tafi ƙauyensu biki. Zuwa na uku duk ukun suna nan, na miƙa takardar izinina, sai aka ga wa'adinta ya ƙare jiya. Sabuntawa kuwa sai an yi kusan wata. Ban ga laifinsu ba ko a lokacin, ƙa'idar aikinsu suka bi.

Na fito raina a ɓace, na zauna a wani gidan shayi da ke kallon titi, na fito da hoton. Ga haruffa raɗau, ko yaro zai karanta. Na ce a raina, takardar da ta shekara dubu biyu a cikin rairayi, me zai same ta a cikin gilashi? Abin da ya kamata in rubuta masa bai wuce layi ɗaya ba: ban samu shiga ba. Da ya sa a littafin cewa daga hoto ya karanta, shi ke nan, ba wanda zai ce uffan. Amma shekara uku yana yabona a gaban baƙinsa, yana cewa abin da Ustaz Bashir ya gani kamar shi ya gani. Ban iya jure in zama wanda aka aika ya dawo hannu rabbana ba. Na kwafe layukan daga hoton, na rubuta a ƙasa, "Na gani da idona." Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne na sa ɗigo biyu a ƙarƙashin haruffan da ba na shakkarsu, don na san takarda mai ɗigo ce yake yarda da ita. Da abin da ya koya mini na yaudare shi.

Littafin ya iso a makon sunanki, tare da ɗan bargon ulu da ya aiko miki. Na yi ta zagayawa da shi a cikin 'yan suna ina nuna shafin godiya. A ƙarƙashin guntun nan kuma an rubuta cewa an duba shi ido da ido a Alƙahira.

Bayan shekara huɗu wata matashiyar mai bincike ta sami shiga siton. Ta tarar kusurwar ƙasa ta guntun, inda layi huɗun suke, ta rududduge. A rajistar siton ma an rubuta haka tun kafin in taka ƙasar Masar. Ta rubuta abin da ta gani a mujallar masana fannin, cikin ladabi. A fitowa ta gaba ya ba da amsa 'yar gajeruwa. Ya ce gaskiyarta ce, ya buga abin da bai gani ba, laifin nasa ne shi kaɗai. Bai ambaci sunana ba. Shi kuwa mutum ne da ya shekara da shekaru yana tsananta wa wasu a kan daidai wannan abu, don haka masu jiransa suka samu. Aka fara cewa idan wannan ƙarya ce, sauran littafin fa? Aikin rayuwarsa kenan, Ummi, ba shi da ɗa ba shi da jika.

Ba zan tsawaita miki wa'azi a nan ba, kin riga kin gani. Aikin da kika zaɓa ba mai tsaya miki a kai. Ke da takarda ne a ɗaki, sai Allah. Ranar da gajiya ta zo za ta zo da hujja mai kyau, irin tawa, har ki ji kamar ba ƙarya ba ce, gajerar hanya ce kawai. Ki ji tsoron wannan ranar. Idan ba ki je ba ki ce ba ki je ba, idan daga hoto kika karanta ki ce daga hoto ne. Kunyar ta yini ɗaya ce.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Abin da na yi bayan haka ya fi muni.

Ya zo Alƙahira da sanda. Ya bugo waya gida, na ce wa mahaifiyarki ta ce na yi tafiya Nijeriya. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Wallahi ba da bakina ba. Abin da zan ce kawai ba za ka zo waya ba." Kwana biyu bayan haka, da hantsi, sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohon nan ya nemo gidanmu a cikin lungunan Hayyin Ashir, ya hau bene hawa biyar da wannan gwiwar. Ina jin muryarsa na faɗa uwar ɗaka na turo ƙofa, ni magidanci mai gemu. Mahaifiyarki ta shigo ta ce a hankali, "Yalla Malam, fito. Baƙonka ne, haki yake yi." Na girgiza kai. Ta koma ta ba shi kujera, ta dafa masa shayi da na'ana'a, ta zauna da shi kusan awa guda. Ba ta ce ina nan ba, ba ta ce ba na nan ba. Takalmina kuwa suna bakin ƙofa, na tabbata ya gan su.

Kin sha tambayata wane ne dogon Bature mai furfura da kike tunawa, wanda ya ba ki gilashi kika kalli yatsanki ya zama ƙato, kika yi ta dariya. Na ce miki wani likita ne. Ba likita ba ne, shi ne. Ina bayan ƙofa ina jin dariyarku ku biyu, hawaye na zubo mini. Da zai tafi na ji ya ce da ita, "Ki gaya masa ba faɗa na zo yi ba." Ya bar 'yar takarda a kan tebur. Tambaya ɗaya ce a ciki: guntu talatin da ɗaya na duba masa a tsawon zamanmu, wanne da wanne ne ban gani ba? Ya ce wannan kawai yake son sani.

Amsar ita ce ɗaya. Sauran talatin na gan su, na ƙura musu ido har kaina ya yi ciwo. Minti ɗaya ya ishe ni in rubuta masa haka. Amma rubutawa na nufin in amsa laifi da hannuna, sai na ce gobe. Gobe ta zama mako, mako ya zama shekara, har na fara ganin ai lokaci ya wuce. Saboda shiruna, sai da ya bi duka talatin ɗin ya sake dubawa da kansa. Hunturu uku a jere yana zuwa, yana bin layin izini, yana hawa matattakalar sito da sanda. Ina jin labarinsa a wurin mai gadin Dokki, in canja hanya. Duk sallah ƙarama kati na zuwa daga wurinsa, ban taɓa mayarwa ba. A na ƙarshe ya rubuta cewa ya gama, duka talatin daidai suke, aikina mai kyau ne, kuma yana gaida yarinyar. Sallar da ta biyo baya kati bai zo ba. Sai sanarwar rasuwarsa ta zo, da sa hannun ɗalibarsa, wannan da za ki zauna a gabanta.

Mahaifiyarki ba ta taɓa goranta mini ba, sai sau ɗaya, ranar da sanarwar ta zo. Ta ce, "Ƙaryar ta yini ɗaya ce, Malam. Shirun ne ya ci masa shekara uku."

Za ki yi kuskure a can, Ummi, ba makawa. Za ki ɓata wa wani, wataƙila ma wanda ya fi kowa kyautata miki. Idan haka ta faru ki je da ƙafarki tun abin yana ɗanye. Kada ki jira sai kin shirya kalmomi masu kyau, ba sa zuwa. Ni shekara ashirin na jira su. Wanda kika ɓata wa sau da yawa ba ramuwa yake nema ba, so yake ya san iyakar ɓarnar don ya gyara. Kada ki hana shi wannan.

A cikin ambulan ɗin nan akwai takarda ta biyu, da Larabci, da sa hannuna. Na rubuta cewa ya aike ni, ban shiga siton ba, na ce masa na gani, kuma ya ɗauki laifin don ya rufa mini asiri. Har yau abin da ke rubuce a mujallarsu shi ne shi ya yi sakaci, kuma ni kaɗai na rage da zan iya cewa ba haka ba ne. Ina so takardar ta isa hannun malamarki, ta yi abin da ta ga dama da ita, ko bugawa ne ta buga da sunana. Ban san ko ta san labarin ba. Wataƙila ya gaya mata, wataƙila ya tafi da shi. Na yi niyyar in aika ta gidan waya, sai na ga za ta riga ki isa, ki shiga ofis ba ki san da wane ido ake kallonki ba. Ban kuma jahilci nauyin da nake ɗora miki ba. Zai yiwu wasu su riƙa duba aikinki sau biyu saboda ni. Don haka ki zaɓi lokacin da kanki, ko bayan kin zauna da gindinki ne. Idan kin ga ba za ki iya ba ki gaya mini, in aika da kaina, ba zan ga laifinki ba. Idan kuma kin miƙa, ki fassara mata kalma da kalma, kada ki tausasa, kada ki nema mini uzuri.

Gurbin da kika samu kuwa naki ne. Na ga yadda kika yi karatu, na ga takardunki cike da ɗigo tun ba wanda ya tilasta miki. Ba sunana ne ya kai ki ba, kuma ba shi zai dawo da ke ba.

Sauran nasiha mahaifiyarki ta yi miki wadda ta fi tawa. Ki kula da salla, don lokutanta a can suna yawo da yanayi. Ki ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini, ban da shayi da biskit ɗin nan naki. Yajin da kukar da ta ƙunsa miki suna cikin takalmin sanyi, kada ki zura ƙafa ba ki duba ba. Ki riƙa kiranta ko ba ki da labari, ta fi ni dauriya a fuska amma tun ba ki tafi ba take shiga ɗakinki tana gyara gadon da yake a gyare.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki ilimi mai amfani da malamai masu tausayi. Ya raba ki da girman kai irin na ubanki, Ya ba ki gaskiya irin ta uwarki. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da kika taɓa yi mini ba.

Roƙona ɗaya ne. Idan kin gama karantawa, ranki zai ɓaci, kuma kina da gaskiya. Ki yi fushin, ki faɗa mini duk abin da ya zo bakinki, zan saurara ba zan katse ki ba. Amma don Allah, Ummi, kada ki yi mini shiru. Na san abin da shiru yake yi wa tsohon da ke jiran amsa, don ni na yi wa wani. Wayata tana hannuna.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Bashir